Hoto a ƙarƙashin ruwa: me ya sa tabkunanmu ke ƙin kyamara, kuma yaya ake gane hoton jabu?

Da zarar damina ta kankama, kududdufai da tabkunan da ke kewayen Icirnawa, Matameye da Kance sukan cika maƙil, su zama matattarar yara da samari. A ƴan shekarun nan akwai baƙuwar da ta ƙaru a bakin ruwa, wato wayar salula. Samari suna ganin hotunan ƙarƙashin teku a WhatsApp da TikTok, kifaye ja da rawaya cikin ruwa garai-garai, sai sha'awa ta kama su su gwada nasu. Abin da yawanci ke fitowa shi ne hoto mai launin kunu, cike da fararen ɗige-ɗige, wani lokaci kuma a koma gida da wayar da ba za ta sake kunnuwa ba.

Asarar waya ɗaya ce daga cikin matsalolin. Akwai kuma hotunan da ake turowa ana cewa an ɗauko su a ƙarƙashin wani tabki ko gulbi na ƙasarmu, da wani dodo ko ƴar ruwa a ciki, mutane su gaskata su tura gaba. Wanda ya san yadda ruwa ke yi wa haske, ya san aikin filasha da na gyaran hoto, zai iya kiyaye wayarsa, kuma da wuya a yi masa rufa-ido.

Abin da ruwa ke yi wa haske

Hasken rana da muke gani fari tarin launuka ne, irin waɗanda ke bayyana a jikin bakan gizo. Iska tana barin su duka su wuce. Ruwa kuwa, wanda ya fi iska nauyi kusan sau 800, yana shanye su ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya: a cikin ruwa mai tsabta, da an kai zurfin mita 5 kusan babu sauransa. Ruwan goro yana biye da shi wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, sannan kore. Shuɗi ne ke daɗewa, shi ya sa teku ke bayyana shuɗi. Mai ninƙaya da ya yanke a hannu a can ƙasa yakan ga jininsa ya fito kore-kore mai duhu.

Abu na biyu shi ne karyewar haske. Kowa ya taɓa tsoma sanda a randa ya ga kamar ta lanƙwashe. Haske ne ke sauya hanya idan ya fita daga ruwa ya shiga iska. Ga wanda ke kallo ta cikin gilashi mai faɗi, kifin da ke nisan mita 4 sai ya zama kamar yana mita 3, wanda tsawonsa santimita 30 ne kuma ya zama kamar na 40. Sarkawa masu sukar kifi da mashi sun daɗe da sanin cewa kifi ba ya nan daidai inda ido ya gan shi.

Na uku shi ne matsi. Kowace mita 10 da aka nutse, ruwa yana ƙara wa jiki da kyamara nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu ke nan, a mita 30 ya ninka huɗu. Ƴar kafar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ruwa ya kutsa.

Filasha: magani ne, amma yana da nasa ciwo

Tun da ruwa yana cinye jan launi daga hasken rana, mafita ita ce mai hoto ya shiga da nasa hasken. Aikin filasha ke nan. Idan ta haska kifi daga kusa, launukan da suka ɓace sai su dawo. Sai dai hasken nata ma a cikin ruwa yake tafiya, kuma tafiyar zuwa da dawowa ce. Idan kifi yana nisan mita 1, hasken zai yi mita 2 kafin ya komo idon kyamara, jan launi yana nan. Idan yana mita 3, tafiyar ta zama mita 6, ja ya riga ya ƙare a hanya. Saboda haka ne ƙwararru ba sa dogara da filasha fiye da mita ɗaya zuwa biyu, komai tsadarta. Dokarsu ta farko ita ce a matsa kusa, a rage ruwan da ke tsakanin kyamara da abin da ake ɗauka.

Ciwon filasha kuwa duk direban da ya taɓa tuƙi da dare a cikin hazo ya san shi. Idan ka kunna doguwar fitila, ƙurar da ke gabanka ce ke fara haskawa ta rufe maka hanya. Haka laka, gansakuka da ƙananan ƙwari suke yi a cikin ruwa: kowane ƙwayar datti yana mayar da haske cikin idon kyamara, ya zama farin ɗigo a hoto. Lamarin ya fi muni idan filasha tana manne da idon kyamara, kamar yadda take a kowace wayar salula, domin hasken yana fita ya dawo ta hanya guda.

Ƙwararru suna kauce wa wannan ta hanyar ɗaura filasha biyu a kan dogayen hannuwa, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗan baya da idon kyamara, suna kallon waje kaɗan. Gefen hasken kawai ke taɓa kifin, ruwan da ke gaban kyamara kuwa ya zauna cikin duhu, dattinsa bai haska ba. Mai waya zai iya kwaikwayon wannan da tocila mai jure ruwa: ya kashe filashar waya, abokinsa ya riƙe tocilar daga gefe.

Yadda aka faro

Hoton farko da aka sani an ɗauka a ƙarƙashin ruwa na wani Bature ne ɗan Ingila, William Thompson, a shekarar 1856 a gaɓar Weymouth. Bai shiga ruwan ba, ya zura akwatin kyamara ne daga jirgi, hoton kuma bai fito sosai ba. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Louis Boutan, masanin halittun ruwa ɗan Faransa, wanda ya fara nutsewa da kyamara a 1893 a Banyuls-sur-Mer, bakin Bahar Rum. Saboda ƙarancin haske, hoto guda yakan ci masa har minti 30. Wannan ya sa aka ƙera masa fitila a kan ganga mai cike da iskar oksijin, ana hura wa harshen wutar garin maganeziyom ya yi walƙiya.

Hoto mai launi na farko ya zo a 1926, a tsibiran Dry Tortugas da ke Amurka. William Longley da Charles Martin sun zuba garin maganeziyom a kan wani ƙaramin kwale-kwale suka tayar da shi a bisa ruwa, hasken fashewar ya sauka ƙasa. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a watan Janairun 1927.

Sauran ci gaban yana da alaƙa da Jacques-Yves Cousteau. A 1943 shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tulun da ake goyawa a baya, mai nutso ya rabu da igiya da bututu. A shekarun 1950 ya yi aiki da Harold Edgerton, malamin jami'ar MIT a Amurka wanda ya inganta filashar lantarki, har ma'aikatan jirgin Cousteau suka yi masa laƙabi da Papa Flash. Fim ɗin Le Monde du silence, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a Bahar Maliya, tekun da alhazanmu na da suke ƙetarewa daga Sudan zuwa Jidda, ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956. A 1963 kamfanin Nikon ya fitar da kyamarar Nikonos, mai shiga ruwa ba tare da akwati ba.

To, ruwan namu fa?

Duk waɗannan hotuna an ɗauke su ne a teku, inda ido kan iya hango mita 20 ko 30. Tabkin damina wani abu ne daban. Ruwan da ke cika shi ya biyo ta gonaki ya kwaso yumɓu, shanu da jakuna suna shiga suna dama shi, iska tana kaɗa shi. A watan Agusta mutum yakan tsoma hannu ya kasa ganin yatsunsa. A irin wannan ruwa ba ja kaɗai ke ɓacewa ba, shuɗi ma laka da ruɓaɓɓen ganye suna shanye shi, sai a bar ka da launin ƙasa-ƙasa ko kore. Babu kyamarar da za ta ga abin da haske bai kai gare shi ba.

Misali mafi girma shi ne bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi ta Najeriya, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta suna afkawa kogin Matan Fada da homa da gora, ƴan jarida daga ko'ina suna ɗauka, amma hotunan da duniya ta san bikin da su na bisa ruwa ne. Da zarar ƙafafu sun dama laka, abin da ke faruwa a ƙasa hannun masunci kaɗai ya san shi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada ruwa kafin a wahalar da kai. Masana suna zura wani farin faifai da igiya su auna zurfin da ya ɓace wa ido, dabarar da malamin Italiya Angelo Secchi ya ƙirƙiro a 1865. Farin faranti na gida ya isa. Idan ya ɓace kafin kamu ɗaya, a haƙura da hoton. Idan ana ganinsa har mita guda, ana iya ɗaukar abin da ke kusa sosai.

Lokaci ma yana da tasiri. Bayan ɗaukewar ruwan sama, daga Nuwamba zuwa Janairu, laka takan kwanta a manyan tabkuna irin su Lasuri da Gidimuni a jihar Damagaram, ko Madarunfa kusa da Maraɗi, waɗanda dukansu suke cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya. A nemi ranar da babu iska, kafin garke ya sauko shan ruwa, a lokacin da rana ta ɗaga sosai, domin hasken da ya faɗo a miƙe ya fi shiga ruwa. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ya fi kowane tsabta. Shi ya sa maɓuɓɓugar Wikki da ke dajin Yankari a jihar Bauchi, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, take cikin ƴan wuraren da ake ganin yashin ƙasa tar a wannan yanki namu.

Wayar da aka ce ba ta jin ruwa

A jikin kwalin wasu wayoyi akan ga an rubuta IP67 ko IP68. Ta farko tana nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na minti 30. Ta biyu tana nufin fiye da mita 1, gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa, yawanci mita 1.5. Gwajin ana yin sa ne da sabuwar waya, a cikin ruwa mai tsabta wanda ba ya motsi. Zafi yana busar da ɗankon da ya liƙe wayar, faɗuwa tana buɗe kafa, kuma duk wayar da mai gyara ya taɓa buɗewa a kasuwa ta rasa wannan kariya. Galibin kamfanoni ba sa biyan ɓarnar ruwa, ko da an rubuta waɗannan lambobi.

Wanda ya nace, ya sayi jakar roba mai makulli da aka yi don waya. Kafin ya sa wayar, ya sa busasshiyar takarda a ciki, ya danne jakar cikin bokiti na rabin awa, ya duba ko takardar ta jiƙe. Ya tabbatar babu yashi ko gashi a bakin makullin. Fuskar waya ba ta jin taɓi a cikin ruwa, don haka a saita maɓallin ƙara murya ya zama na ɗauka.

Akwai dabarar da ta fi wannan araha da aminci: a sami kwalba mai faɗin baki ko robar da ake gani ta cikinta, a sa wayar a ciki idonta manne da bango, a danna rabin robar cikin ruwa, bakinta yana sama. Wayar ba ta jiƙe ba, mai hoton yana tsaye a gaɓa, ga kuma hoton da rabinsa sararin sama ne rabinsa ƙarƙashin ruwa.

Idan tsautsayi ya faɗa, a kashe wayar nan take, kada a sa ta caji, a kai ta wurin mai gyara da wuri. Binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shiga ciki, kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayoyinsa da su daina.

Gyaran hoto: me ake yi masa?

Kusan babu hoton ƙarƙashin ruwa da ke fita bainar jama'a ba a taɓa shi ba. Manhajoji irin su Photoshop, wadda ta fito a 1990, da Lightroom, da Snapseed da ake saukewa kyauta a waya, duk suna yin ayyuka guda huɗu da mai hoton ruwa yake buƙata.

Na farko, daidaita fari. Ana nuna wa manhaja wani wuri a hoton da aka san fari ne ko toka-toka, kamar yashi ko farantin nan, sai ta gyara sauran launuka a kansa. Na biyu, ƙara bambancin haske da duhu, domin ruwa yana sa hoto ya yi kamar an rufe shi da mayafi. Na uku, goge fararen ɗige-ɗigen da filasha ta haifar. Na huɗu, yanke gefen da ba a buƙata.

Gyara yana da iyaka. Manhaja tana iya ƙarfafa jan launin da ya rage kaɗan, amma idan kyamara ba ta kama komai ba, turawa da ƙarfi sai ya sa hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa, ruwan ya koma ruwan hoda. Nan ne nau'in ajiya yake da muhimmanci. Hoton JPEG waya ta riga ta dafa shi ta zubar da sauran bayanai. Na RAW, wanda wasu wayoyi suke bayarwa, ɗanye ne, yana cin wuri amma ya fi karɓar gyara. Ko wane aka ɗauka, a ajiye na asali, a yi gyara a kan kwafi.

Inda gyara ya ƙare, ƙarya ta fara

A aikin jarida ƙa'idar a fili take: ana iya gyara haske da launi don hoto ya kusanci abin da ido ya gani, ba a ƙara abin da babu, ba a cire abin da ke nan. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye dukan hotunan wani mai ɗaukar masa hoto bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce gona da iri. Goge ɗige-ɗige ma, wanda ba laifi ba ne a hoton ado, jaridu da yawa ba sa yarda da shi a hoton labari.

Hotunan ruwa sun fi saurin ruɗar mutane, domin kaɗan ne suka taɓa ganin ƙarƙashinsa. Akwai hoton wani babban kifin teku mai cin mutane da ake nunawa yana iyo a kan titin da ambaliya ta cinye. Tun 2011 yake yawo, kowace ambaliya a sauya masa gari, alhali an yanko kifin ne daga hoton da Thomas Peschak ya ɗauka a tekun Afirka ta Kudu. A 2012 tashar Animal Planet ta nuna wani shirin ƙage a kan ƴan ruwa masu jikin mutum da wutsiyar kifi, mutane suka ɗauka gaskiya ne, har hukumar kula da tekuna ta Amurka ta fito ta ce ba a taɓa samun shaidar irin wannan halitta ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, mai haɗa hoto daga rubutu cikin daƙiƙa kaɗan. Da can akan ce gani ya kori ji. Yau gani ma sai an bincika.

Wanda ya fahimci abin da aka bayyana a sama yana da ma'auni a hannu. Idan an ce hoton daga Madarunfa ko gulbin Maraɗi yake, amma ruwan shuɗi ne ana hangen nesa, akwai alamar tambaya. Idan abu yana can nesa amma jansa yana ƙyalli kamar na kusa, a yi shakka. Idan babu ko ƙwayar datti, ko gashi da tufafi suna rataye kamar a tudu, ko kifin ba irin tarwaɗa, karfasa da gaiwar da muka sani ba ne, a dakata. Waɗannan alamu ne, ba hukunci ba, don haka a sa hoton a Google Lens ko TinEye a ga inda ya taɓa fitowa. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin ambaliya. A Satumban 2024, da ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, hotunan gaskiya ne suka sanar da duniya girman asarar. Kowane hoton jabu da aka tura yana rage wa irin waɗannan daraja. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a 2024, da ta tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a ko ya ci mutuncin wani.

Amfanin da ya wuce nishaɗi

A yankin da rayuwa ta dogara da rijiya da fadama, kyamarar ruwa tana da aikin yi. Masu gyaran foraj suna zura ƙaramar kyamara mai fitilu a gefe don su ga inda bututu ya tsage ko yashi ya toshe, maimakon a yi ta kirdado. Mai yasar rijiya zai iya zura waya cikin roba da igiya ya ga halin da bango yake ciki kafin ya sauka, ko da yake kyamara ba ta nuna gurɓatacciyar iskar da ke kashe mutane a ƙasan rijiya. Ƙungiyoyin masunta da ma'aikatan gandun daji suka zuba musu ƴaƴan kifi a tabki za su iya ɗaukar hoto daga wuri guda kowane wata, su nuna yadda kacala ke cin ruwan ko yashi ke cike shi. Hoto irin wannan, mai kwanan wata kuma ba a taɓa shi ba, hujja ce a gaban magajin gari.

Kafin a shiga ruwa

Mai kallon fuskar waya ba ya kallon inda yake taka ƙafa. Yawancin kududdufan bakin gari ramukan ɗibar ƙasar gini ne, gefensu a tsaye, ƙasansu taɓo mai riƙe ƙafa. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, wanda ya iya kada ya shiga shi kaɗai, kuma a tambayi masuntan wurin inda zurfi yake, domin da ɗan gari akan ci gari. Nutsewa da tulun iska kuwa sai da horo, saboda fitowa da sauri daga zurfi yana iya shanye jiki ko ya kashe.

Ruwan da ke kwance shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, tsutsar kuma ta fata take shiga. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka a tabki ya je asibiti, maganin yana nan. A ƙarshe, bakin tabki wurin wanki da wankan mata da yara ne. A nemi izini kafin a ɗaga waya, idan ba a bayar ba a mayar da ita aljihu.